Bindigar Da Aka Wanke

Kumbo, Nuwamba 1987

Yaya Kinyuy,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Beljiyam, yaya aikin asibiti? Mu nan lafiya lau. Matata Ghaila ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, ta ce in gaya miki zanen da kika aiko ya karɓe ta, har matan coci sun fara hararta. Ruwa ya ɗauke, an kwashe masara, goro ya yi albarka bana. Kawunmu Taa yana nan da ƙarfinsa a ƙauye, yana riƙe da gidan zuriya kamar yadda kika bar shi. Idon ne dai ya tafi gaba ɗaya. Hancin kuwa sai abin da ya ƙaru. Ran nan na shiga gaishe shi, ban ko buɗe baki ba ya ce na ci soyayyen kifi a tasha na hana shi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na kafa ƙungiyar tarihi a makarantarmu, kuma ban taɓa jin daɗin koyarwa kamar bana ba. Na ce kowane ɗalibi ya koma gida ya tambayi tsofaffi labarin abin da ya fi komai tsufa a gidansu. Da kin ga abin da suka kwaso. Yaran da ba sa iya zama minti biyar su saurari labarin sarakunan Turai, su ne yanzu suke biyo ni har bakin ƙofa da surutu. Daga ƙarshe suka juyo kaina, suka ce to Malam, naka gidan fa?

Sai na ba su labarin libarbar Kaka Mbinkar, wadda ya ƙwace daga hannun Bajamushe a yaƙi. Kin tuna ta, ko da yake ku mata daga nesa kuke hangowa. Tana cikin jakar fata ta Taa, ba ta fitowa sai ranar roƙon shuka, ya shafa mata jan garin itacen majigi da manja yana kiran sunayen iyaye ɗaya bayan ɗaya. Suka tambaye ni wace iri ce, a wane gari aka ƙera ta, wace shekara. Ni da nake hana su cewa “haka aka ce”, na tsinci kaina ina cewa haka aka ce.

Na roƙi Taa, kuma abin mamaki ya ba ni aronta. Ya ce in duba da ido, in dawo da ita yadda na ɗauka. Ɗansa Banla yana wajen, ya yi dariya ya ce shi da aka haifa a ɗakin ko jakar ba a bari ya buɗe, amma Ticha, wato ni, ya zo da farar riga an miƙa masa. Taa ya ce shi Ticha bai taɓa jefa mota a rami ba. Kin san su, haka suke tun da.

Yanzu tana gabana a kan tebur. Majigin shekara da shekaru ya lulluɓe ta har ta koma kamar gasasshen rogo, sai ka lura kafin ka gane baki da mariƙi. Ba rubutu ko ɗaya da ke bayyane. Na karanta cewa garinku Liyej garin maƙeran bindiga ne tun zamanin da. Don Allah ki tambayar mini wani masani: a ina ake duba shaida a jikin irin wannan, kuma yaya ake gane ta Jamus?

Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Yuven

Liyej, Disamba 1987

Malam Yuven na littafi,

Mun samu wasiƙarka, mun gode Allah da lafiyarku. Mu ma lafiya, ban da tarin da ƙaramin ya kwaso a makaranta. Ka ce wa Ghaila ta ɗaura zanen ta zauna a layin gaba.

Kai har yanzu ba ka canza ba. Tun kana yaro kake farke rediyon mutane don ka ga mai magana a ciki. Amma ka yi sa'a. Akwai wani likita a sashenmu, Dokta Gilson, da ba shi da hira sai ta tsofaffin bindigogi. Ya tara su a gida har matarsa ta gaji. Da na ba shi labarin, ya manta da shayinsa har ya huce. Ya ce kowace ƙasa tana da tambarin da take bugawa bayan an gwada bindiga, kuma a kan wannan dunƙulen mai juyawa da ake zuba harsashi ake samunsa, wani lokaci da gefen bakin. Ka ɗan share wurin ka gani. In ka samu, ka ɗora farar takarda ka goga fensir a kai, ka aiko mana. Ya ce in ya ga tambarin zai gaya maka ƙasar, watakila har da shekarar.

Na yi mamakin Kawu da ya ba ka ita. Ni abin da nake tunawa shi ne ƙamshin manja da safe, da muryarsa yana kiran sunaye, mu kuma muna bayan ɗakin girki muna jiran a raba goro. Ka durƙusa ka gaishe mini da shi. Ka ce wa Banla ya rage gudu a hanyar Fumban, labarinsa yana zuwa mana har nan.

Yayarka,
Kinyuy

Kumbo, Janairu 1988

Yaya Kinyuy,

Barka da sabuwar shekara, da fatan tarin yaron ya sake shi. Gida kowa lafiya. Ni ne dai abinci ba ya shiga.

Takardar da kika nema tana cikin ambulan ɗin nan. Za ki ga wani zagaye mai kamar ƙwai da haruffa uku a ciki, da kambi a samansa, da wani ƙaramin harafi a gefe. Sun fito sarai. Bari in gaya miki yadda aka yi suka fito.

Kin ce in share wurin. Na fara da tsumma, bai yi komai ba. Na sa farce, na koma reza. Da na hango gefen zagayen nan sai hankalina ya bar jikina, kamar yadda nake ji in ɗalibi ya kusa gane lissafi saura kaɗan. Majigin ya yi tauri kamar dutse, sai na ɗiga kananzir don ya yi laushi. Ya ƙi. Na zuba kananzir a kwano na tsoma wajen, na ce bari in je aji in dawo. Ban lura kwanon ya fi zurfin da nake zato ba. Da na dawo na ɗaga ta, sai ɓawon ya saɓule gaba ɗaya ya faɗa cikin kwanon. Ƙarfe ne tsirara a hannuna, ƙarama, ba ta ko kai tafin hannuna biyu ba.

Na tsamo gutsattsarin na shanya. Yaya, daga ciki hawa-hawa ne kamar albasa, kuma a wasu akwai shatin babban yatsa. Ban san na wa ba ne. Ko na Taa, ko na mahaifinsa, ko na Kaka Mbinkar kansa. Ghaila ta shigo ta gani, ta ɗora hannu a ka ta fita, tun daga ranar ta daina waƙa in tana girki.

Ba ina ɗora miki laifi ba ne. Amma da ba ki rubuta kalmar nan ta sharewa ba, da ban sani ba ko zan fara.

Ga shawarar da na yanke. Roƙon shuka sai ruwan farko, ina da lokaci. Zan daka rabin gutsattsarin in haɗa da sabon majigi da manja, in riƙa shafawa ina rataye ta a saman murhu hayaƙi yana busar da ita, har ta koma kamanninta. Taa ba ya gani. Kuma in Dokta ya tabbatar ta Jamus ce, zan je masa da wannan labarin, ya zama na dawo masa da wani abu a madadin abin da na ɓata. Don Allah ki hanzarta da amsa. In kina ganin kuskure ne, ki faɗa mini, zan ji maganarki.

Ƙanenki,
Yuven

Kumbo, Maris 1988

Yaya Kinyuy,

Ina fatan kuna lafiya. Mu jiki lafiya. Na yi ta zarya gidan waya har mai akwatin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Na ɗauka shirun da kika yi fushi ne, kuma kina da gaskiya. Amma ba ni da wanda zan gaya wa wannan sai ke.

Na yi abin da na ce zan yi. Ta yi kyau, ko ni da na yi aikin da kyar nake bambancewa. Na naɗe ta a tsummanta na kai ƙauye, na tarar Taa yana barci, sai na ba Banla ya sa a jaka. Bai buɗe ba. Ya tambaye ni ko na gano sunan Bajamushen, don ya aika wa jikokinsa gaisuwa.

Ruwan farko ya sauka, aka taru ranar roƙo. Duk maza suna zaune a tsakar gida, ni ne ma nake riƙe da ƙoƙon bammi. Taa ya zaro ta, ya juya ta a hannu, ya daɗe yana juyawa. Sai ya kai ta hancinsa. Ya ajiye ta a ƙasa, abin da ba a taɓa yi ba, ya ce, “Wannan ba tamu ba ce.”

Ya ce yana jin hayaƙin murhu da kananzir. Ya ce ya san wannan warin, irin na dillalan kayan gargajiya ne da suke sassaƙa sabon abu su turara shi ya yi kamar tsoho, su ajiye wa mutane su tafi da na gaske. Haka aka yi wa maƙwabtanmu da kujerarsu. Nan take wani daga cikin baffanni ya tuna cewa Banla ya taɓa kawo wani dillalin Fumban har gida a motarsa, wai sayen goro. Wani ya ce shi ma ya gani. Kafin ka ce me, kowa ya gani.

Banla ya tashi tsaye, ya ce shi abin da aka ba shi ya sa a jaka. Ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, kamar yadda yake dubana in mota ta ƙi tashi yana so in tura. Ya ce, “Ku tambayi Ticha mana.”

Taa ya ɗaga sanda ya ce sata ba ta ishe shi ba, sai ya shafa wa mutumin kirki. Ya ce kada ƙafarsa ta sake taka gidan sai da bindigar kakansa a hannu.

Ni ina nan da ƙoƙo a hannuna. Na buɗe baki, na ga idanun dattawan nan da suke aiko mini 'ya'yansu in koya musu, na rufe. Na ce wa kaina bari taro ya watse in sami Taa shi kaɗai. Taro ya watse, na hau mota na dawo gari.

Banla yana Bamenda yanzu, yana kwana a tasha. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta, don matan gida sun daina ba ta wuta. Gonarsa ba wanda ya shuka. Ranar Litinin na tsaya a aji ina yi wa yara bayanin yadda mai tarihi yake bin gaskiya ko ba ta yi masa daɗi ba, suna rubutawa.

Ko zagi ne ki rubuto.

Yuven

Liyej, ƙarshen Fabrairu 1988

Ƙanena,

Ka yi haƙuri da jinkiri. Mun tashi daga tsohon gida, wasiƙarka ta Janairu ta yi ta kwana a akwatin can sai jiya mai gidan ya kawo. Kowa lafiya, sabon gidan ya fi ɗumi.

Yuven, na ce ka share, ban ce ka yi mata wanka ba. Amma na sake karanta abin da na rubuta a raina, na ga ni ma na yi magana kamar wadda ta manta gida. Dokta ya faɗa, na kwafa na aiko, ban tsaya na tuna mene ne a jikin bindigar ba. Rabin laifin ka ajiye mini.

Kada ka yi wannan haɗin na hayaƙi. Ina roƙonka. Kawu makaho ne, ba wawa ba ne. Ka ɗauke ta yadda take, da gutsattsarin a kwano, da zakara da tulun bammi, ka je ka kwanta a gabansa. Zai yi faɗa, zai ci ka tara, shi ke nan.

Ga amsar da kake jira, kuma ba wadda kake so ba ce. Dokta yana ganin takardar ya yi dariya ya ce 'yar garinsu ce. Tambarin nan na Liyej ne. Ƙananan libarba ne masu araha da aka ƙera da yawa aka sayar ko'ina a duniya. Ya ce ƙaramin harafin na gefe shi ne na shekara, kuma ba a fara buga irinsa ba sai bayan babban yaƙi na farko. Wato lokacin da aka ƙera ta, Jamusawa sun riga sun bar ƙasarmu. Na tambaye shi ko zai yiwu ya yi kuskure, ya ɗauko littafi ya nuna mini. Ni na tuna Mama tana cewa kakanmu, mahaifin Kawu, ya yi aiki a gonakin ayaba na bakin teku yana saurayi. Ko daga can ya zo da ita? Allah ne ya sani.

Don in sauƙaƙa maka, na yi wata dabara. Fada Ngoran, limamin coci ɗan ƙauyenmu da yake karatu a nan, zai zo gida hutun Ista. Na ba shi bargo ya kai wa Kawu, na kuma ce ya ba shi labarin cikin raha, cewa bindigarsa da 'yar ƙanwarsa gari ɗaya suka zauna. Ban gaya masa zancen wankin ba. Kawu yana jin maganar Fada, in ya yi dariya tukuna, naka zai zo da sauƙi.

Yayarka,
Kinyuy

Kumbo, Afrilu 1988

Yaya Kinyuy,

Gaisuwa. Muna lafiya, Taa ne ƙafafunsa suka fara kumbura. Wasiƙarki ta Fabrairu ta iso bayan Ista. Tawa ta Maris da taki sun yi saɓani a hanya, na san yanzu kin karanta ta. Na ɗauka fushi kike, ashe gida kuka canza.

Ban jira ki ba daga ƙarshe. Ghaila ce ta ajiye mini kwanon gutsattsarin a kan takardun jarrabawa da nake dubawa, ta koma ɗakin girki. Washegari na tafi ƙauye da zakara da bammi, kamar yadda ashe kika rubuta. Na sa aka kira baffanni, na kwanta a ƙasa na faɗi komai, tun daga reza har murhu.

Ba su yarda ba. Wani ya ce Ticha akwai zuciya, zai ɗauki kunyar ɗan'uwansa ya ɗora wa kansa. Na rantse, suka ce rantsuwar ma ta zumunci ce. Sai na tura wa Taa kwanon. Ya sa yatsu a ciki, ya ɗauki wani gutsure yana shafa cikinsa. Na ga fuskarsa ta fara sakin jiki. Ya ce in tafi, zai kwana da maganar. Na fito ina ganin Banla ya kusa dawowa gida.

Kafin ya neme ni, Fada Ngoran ya zo da bargo. Ina wajen, don ni na raka shi. Mutumin kirki, bai san komai ba. Ya zauna ya ci goro, ya ba da labarin likitan da littafinsa yana dariya. Na yi ta yi masa alama da ido, bai gane ba. Taa ya sa ya maimaita wajen shekarar. Fada ya maimaita.

Taa ya juya wajen baffanni ya ce to sun ji da kunnensu, daga bakin malamin coci. Bindigar Mbinkar daga hannun Bajamushe ta fito. Wannan kuwa an ƙera ta bayan Bajamushe ya tafi. Ashe tun kafin a ba Ticha aro an riga an musanya ta, kuma wa yake kwana kusa da jakar? Na ce gutsattsarin fa, da shatin yatsu? Ya ce masu turara kujera ba yatsu ne ba su da su ba.

Na matsa kusa na ce, Taa, watakila labarin ne ya gauraye. Watakila mahaifinka ne ya zo da ita daga bakin teku, aka haɗa ta da sunan Kaka. Taa ya juyo da fuskarsa wajena. Ya ce:

“Wato in ce ubana maƙaryaci ne, don kada a ce ɗana ɓarawo ne?”

Ya lulluɓa da bargonki ya ce yana da ɗumi, in gode miki.

Na je Bamenda neman Banla, aka ce ya ɗauki lodi zuwa kudu. Na bar saƙo. Na shuka masa gonarsa da hannuna ranakun Asabar, mutane suna wucewa suna sa mini albarka, kowace albarka kamar mari. Ƙungiyar tarihi na dakatar da ita. Yara suna tambaya, na ce jarrabawa ta matso.

Kada ki zargi kanki da zancen Fada. Da na yi magana ranar roƙo, da bargo kawai zai kawo.

Ƙanenki,
Yuven

Liyej, Mayu 1988

Yuven,

Mun gode Allah da lafiyarku, muna yi wa Kawu addu'a. Ka sa a rage masa gishiri, a riƙa ɗora ƙafafun a kan kujera.

Wasiƙunka biyu suna cikin jakata, ina zuwa aiki da su ina dawowa. Ka ce kada in zargi kaina. Ina zaune a ƙasar mutane ina aika dabara gida kamar mai aika magani ba ta ga majinyaci ba. Na rubuta wa Kawu da kaina, ka karanta masa in zai saurara. Na rubuta wa Banla ta hannun shugaban tasha, ban sani ba ko za ta same shi. Dokta ya tambaye ni ko iyalina sun ji daɗin amsar, na ce masa eh.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka gaji da faɗa. Duk ranar da ka je gaishe shi ka sake faɗa, ko zai kore ka. Kuma ka buɗe wa yaran nan ƙungiyarsu, su ba su yi wa kowa laifi ba.

Yayarka,
Kinyuy

Kumbo, Agusta 1988

Yaya Kinyuy,

Ina fatan kun samu dangana. Na san limamin cocin ƙauye ya buga miki waya ranar da Taa ya rasu. Bai sha wahala ba, da rana ne, yana jingine a bakin ƙofarsa. An yi masa jana'iza yadda ta kamata, an harba bindigogi har tsaunuka suka amsa. Banla ya zo, ya tsaya can wajen itatuwan goro, bai shigo ba, ba kuma wanda ya ce ya shigo.

Na yi abin da kika ce. Duk zuwan da na yi na sake faɗa. Na karanta masa wasiƙarki, ya ce ke ma Ticha ya saye ki. Daga baya in na fara sai ya dafa kaina ya ce ya ji, ya isa. Ban gane abin da yake saƙawa ba sai bayan makoki, da manzannin fadar sarki suka zo. Ashe tun yana raye ya aika wa sarki da sunan wanda yake so ya gaje shi. Ya ce a ba wanda ya yarda ya kwanta a ƙasa don ɗan'uwansa, wato ni.

Kin san abin da wannan yake nufi. In aka ɗora mini hular shugaban gidan zuriya, ba na sake cire ta, ba mai sake kiran sunana, ba mai sake ba ni hannu a gaisa. Zan bar gari in koma ƙauye in zauna raba gonaki da sasanta rigima. Aji ya ƙare. Kuma kujerar ta Banla ce, kowa ya san haka tun muna yara.

Na gudu. Na bar Ghaila da manzanni a falo na fita ta baya, na hau motar Bamenda. Na sami Banla a tasha, a rumfar wata mai tuwo, yana cin tuwon masara da ganye. Ya rame. Ya matsa mini a benci ya ce a ƙaro kwano, Ticha ne zai biya. Na fara ba shi haƙuri, ya ce in bari ya gama cin abinci, haƙuri ba ya tafiya da yaji.

Da ya gama na gaya masa zan ƙi. Zan je fada in faɗi komai, in ce a ba shi. Ya tambaye ni sau nawa na faɗi komai a gida, kuma wa ya yarda. Ya ce abin da yake hana shi barci ba shiruna ba ne ranar roƙo, don ya san ni matsoraci ne tun muna iyo a rafi. Abin da yake ci masa rai shi ne mahaifinsa ya sansana ƙarfe sau ɗaya ya yanke hukunci, bai ko tambaye shi ba. Wannan kuma ba ni na yi ba, kuma babu sauran wanda za a tambaya.

Sai ya ce, “Ka karɓa. Maganar Taa ba mai warware ta sai wanda ya zauna inda ya zauna. In kai ne, za ka kira ni gida, matata ta dawo ɗakinta. In ka ƙi, za su ba wani baffa da ya ga dillali a motata.”

Na ce makaranta fa? Ya ce shi ma da yana da gida.

Na karɓa, Yaya. Na kai takardar ajiye aiki. Na tara 'yan ƙungiyata na ba su labarin duka, ban rage komai ba, na damƙa su ga wata malama da na yarda da ita. Abu na farko da zan yi in an zaunar da ni shi ne in aika a zo da Banla da rana tsaka, ta babbar ƙofa. Baffanni za su ce alheri na yi wa ɓarawo. Zan yi ta faɗa musu har su gaji ko in mutu.

Ran nan a Bamenda, da zan hau mota Banla ya rako ni. Ya goge hannunsa a wando ya miƙo mini, ya ce in riƙe da kyau, don daga mako mai zuwa ko ya so ba dama. Muka tsaya a haka har direba ya fara zaginmu.

Ki gaishe da maigidanki da yara. In za ki rubuto, ki aika ta coci a ƙauye.

Ƙanenki,
Yuven